A daina sa kuɗin mutane rawa a allon waya

Ranar Asabar na shiga kasuwar Mile 12 ta ɓangaren 'yan albasa, na tarar da wani dattijo dillali ya tsare yaron rumfarsa da tambaya. Wata mai gidan abinci ce ta turo kuɗin buhunan da ta ɗauka, yaron ya buɗe shafin da suke ajiye lissafin ciniki a waya don ya nuna wa maigidan. Adadin bai fito kai tsaye ba. Ya taso daga sifili a guje, ya wuce abin da aka turo, sannan ya ja da baya ya tsaya a kan naira 200,000.

"Kai, tsaya. Na ga ɗari biyu da talatin da wani abu. Ina sauran suka tafi?"

"Alhaji, ba a cire komai ba, haka yake yi kullum. Ado ne kawai."

"Ado? Da kuɗina ake ado?"

Yaron ya yi gaskiya, ba a taɓa ko sisi ba. Amma Alhaji ma ba mafarki ya yi ba, idonsa ya ga lambar da ya ce ya gani. Wanda ya haɗa shafin ne ya ɗaura adadin kuɗin a jikin abin da 'yan sana'armu ke kira motsin sifirin.

Ni ma haɗa shafukan intanet nake yi a nan Legas, kuma ina cikin masu son wannan dabara. Duk da haka ga matsayina tun kafin mu yi nisa. Sifirin ya dace da abin da yatsa ke ja, ko turawa, ko buɗewa a allo. Bai dace da adadin da mutum zai karanta ya yanke shawara a kai ba. Kuɗin da ke asusu, farashin kaya, canjin dala, yunit ɗin da ya rage a mitar wuta, duk a rubuta su yadda suke tun daga ƙiftawar ido ta farko.

Yadda abin yake aiki

Hanya biyu ake bi a motsa abu a shafin intanet. Tsohuwar ita ce ka ce wa burauza: ɗauki wannan akwatin daga nan zuwa can cikin sulusin sakan, ka fara a hankali, ka yi sauri a tsakiya, ka tsaya a hankali. Lanƙwasar da ke tsara saurin tana ɗauke da sunan Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa, wanda ya yi aiki da irinta wajen zana jikin mota a shekarun 1960. Har gobe ita ce ginshiƙin motsi a CSS, yaren da ake tsara kamannin shafi da shi.

Hanya ta biyu babu ruwanta da agogo. Ana ƙaddara cewa akwai sifirin da ya haɗa akwatin da inda ake so ya je. Ƙa'idar ta Robert Hooke ce, masanin Ingila da ya bayyana ta a 1678: gwargwadon yadda ka ja sifirin, gwargwadon ƙarfin da zai janyo da shi. Mai haɗa shafi abu uku yake saitawa, wato taurin sifirin, da nauyin abin da ke rataye a jikinsa, da birkin da ke rage lilo. Daga nan sai waya ta riƙa lissafa inda akwatin ya kai, sau 60 a sakan ɗaya a yawancin wayoyi, har ya natsu.

Tun iPhone na farko a 2007 mutane suka ɗanɗana daɗin irin wannan motsi: ka ja shafi ya kai ƙarshe, sai ya ɗan miƙe ya dawo. A 2013 Apple ya ba masu haɗa manhaja sifirin a shirye cikin iOS 7, tsarin da ke tafiyar da iPhone. Facebook ya saki nasa mai suna Pop a 2014, sannan a 2015 Cheng Lou ya fito da react-motion, wanda ya yaɗa abin a tsakanin masu haɗa shafuka. Yau akwai kayan aiki irin su react-spring da Framer Motion (wanda ya koma Motion a 2024), Svelte ma, wani kayan haɗa shafuka, da nasa yake zuwa. Yaron da ya yi 'yan watanni yana koyon sana'ar a Yaba zai iya sa shi da layi biyu.

Kuma yana da falala ta gaske. Ka fara buɗe jerin zaɓi daga gefen allo, a tsakiyar hanya ka canza shawara ka mayar da shi. Motsi mai agogo zai tsaya cak ya sake sabon lale, idonka kuwa zai ga tuntuɓen. Sifirin yana riƙe da gudun da abin yake kai, sai ya rage, ya juya, ya koma ba tare da tsinkewa ba. A wannan fagen babu mai ja da shi, kuma duk wanda ya ce a daina amfani da shi gaba ɗaya ba ma tare.

Inda gizo ke saƙar shi ne waɗannan kayan aiki ba su san ma'anar lamba ba. Ka ba su nisan da akwati zai yi a allo, za su karɓa. Ka ba su kuɗin makarantar ɗanka, haka za su karɓa, su yi masa irin lilon da za su yi wa akwatin.

Lissafin da ba a yi ba

Framer Motion ya daɗe yana zuwa da saitin tauri 100, birki 10, nauyi 1. Da wannan saitin, lissafi ya nuna abin da ke motsi zai zarce inda aka nufa da kusan kashi 16 cikin 100 na tafiyarsa kafin ya dawo. In akwati ne, zarcewar ɗan tsalle ne mai daɗin kallo. In naira 200,000 ce ta taso daga sifili, sai ta leƙa wajen 232,600 kafin ta sauko.

Juya abin ta ɗaya gefen, nan ne ya fi muni. Mai kabu-kabu yana da 50,000 a asusu, ya biya kuɗin haya 48,000, saura 2,000. Tafiyar lambar 48,000 ce, zarcewarta kusan 7,800. Ke nan allon zai nuna masa ya faɗa ƙasa da sifili da kusan naira 5,800, kamar ana bin sa bashi, kafin lambar ta hauro ta tsaya a 2,000. Bashin da bai ci ba, babu shi a kowane littafi, amma ya gan shi da idonsa a wayarsa.

Duk wanda ya taɓa sayen nama a mayankar Oko-Oba da ke Agege ya san sikeli mai allura. Mahauci ya ɗora nama, allura ta wuce, ta dawo, ta yi karkarwa, sannan ta tsaya. Babu mai karanta nauyi kafin ta tsaya, kuma babu mai zargin mahaucin. Dalili biyu ne. Na farko, sikelin ba shi da zaɓi, sifirin na ƙarfe ne a cikinsa, kuma bai san nauyin ba sai ya natsu. Na biyu, karkarwar allurar da kanta tana gaya maka ka dakata. Waya kuwa ta riga ta san adadin daidai har kobo kafin motsin ya fara. Da gangan aka ɓoye shi aka bi da kai ta wasu lambobi. Kuma lambar ƙarya ba ta zuwa da wata alama. Harufan 232,600 a tsaye suke, da girma ɗaya da launi ɗaya da na 200,000.

"Ai rabin sakan ne kawai"

Wannan ce hujjar da na fi ji daga abokan aiki, kuma masu faɗinta galibi a kujera suke aiki, gaban babban allo, da intanet mai ƙarfi.

Su zo Mile 12, ko bakin titi a Obalende wajen masu shayi da tsire, su ga yadda ake tabbatar da biya. Mai saye ya ɗaga wayarsa ya kai ta gaban fuskarka, ya ce na tura, ya janye. Hannunka ɗaya na riƙe da wuƙa ko leda, mutum uku na jira. Kallon da za ka yi wa allon ke nan, kuma a kansa za ka saki kaya ko ka riƙe. Gani ya kori ji, shi ya sa ake nuna allon tun farko.

Ba da son rai mutanenmu suka shiga wannan tsari ba. A Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sanar da sauya fasalin takardun 200, 500 da 1,000. Zuwa farkon 2023 takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo, layi ya cika bakin bankuna, mai sayar da tumatir da bai taɓa buɗe asusu ba ya koma karɓar tiransifa don kada kayansa su ruɓe. Tare da tiransifa aka samu alat na bogi da hoton rasit da aka yi wa kwaskwarima. Ɗan kasuwa ya koyi darasi da kuɗinsa: kada ka yarda da saƙon tes, kada ka yarda da allon mai saye, buɗe naka asusun ka duba.

To ga shi ya buɗe nasa, wurin ƙarshe da ya rage masa ya dogara, sai lambar ta kama wasa. Wanda ya sa wannan motsi yana ganin ya ƙawata aikinsa. Abin da ya koya wa ɗan kasuwar shi ne allonsa ma na iya nuna adadin da babu shi. Kuma duk allon da ke nuna lambar ƙarya na ɗan lokaci, ana iya ɗaukar hotonsa a daidai wannan lokacin. Mazambaci ba ya buƙatar iya gyaran hoto, sai dai iya danna maɓalli a kan kari.

Rabin sakan ɗin ma ba ko'ina yake rabin sakan ba. Wayoyin da ke hannun yawancin 'yan kasuwarmu Itel ne da Tecno da Infinix, da yawansu ƙanana masu ƙarancin ma'aji, cike da saƙonnin murya na WhatsApp. Domin a fitar da hoto 60 a sakan, kowane hoto yana da ƙasa da milisakan 17. Motsa akwati ko dusashe shi aiki ne mai sauƙi ga burauza. Canza rubutu kuwa yana tilasta mata ta sake auna harufa ta sake zana su a kowane hoto, kuma JavaScript, yaren da ke gudanar da ayyukan shafi, shi ne ke tura lambar, a layi ɗaya da sauran ayyukan shafin. In wayar ta shaƙe a tsakiyar motsi, lambar da ta maƙale a allo ita mutum zai karanta.

"To a ƙara birki mana"

Wannan hujja ce ta masu ilimin abin, kuma rabinta gaskiya ne. Akwai matakin birki da in an kai shi sifirin ba ya zarcewa ko kaɗan. Saitin da react-spring ke zuwa da shi, tauri 170 da birki 26, kusan daidai yake da wannan matakin. Da shi mai kabu-kabu ba zai ga bashi ba.

Amma lambar za ta bi ta 41,000 da 17,000 da 6,000 kafin ta kai 2,000, kuma babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa zama kuɗinsa. Asusu ba ya raguwa a hankali. Da 50,000 ne, yanzu 2,000 ne, babu komai a tsakani.

Akwai kuma matsalar wutsiya. Sifirin mai cikakken birki yana cinye yawancin hanya da sauri, sannan ya riƙa jan ƙafa, kullum yana matsowa, a lissafi ma ba ya taɓa isa. Kayan aikin ne ke yanke masa hukunci in saura kaɗan. Ga akwati, wannan kaɗan ɗin ido ba ya ganinsa. Ga kuɗi, kowace naira tana bayyana a allo. Da saitin 170 da 26, tafiyar akwati ta ɗigon allo (pixel) 300 tana natsuwa cikin kusan kashi biyu bisa uku na sakan, amma naira 1,000,000 sai ta ɗauki ninkin haka kafin lambar ƙarshe ta daina juyawa. Wato gwargwadon girman kuɗin, gwargwadon daɗewar rashin tabbas, alhali a lokacin ne mutum ya fi ƙagara ya sani.

Abin ya fi ban haushi a adadin da ke canzawa ba tsayawa. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, 'yan canji a Allen Avenue da Broad Street sun ga ranakun da farashin safe daban, na azahar daban. Ka ɗaura irin wannan lamba a sifirin, kafin ta isa inda aka aike ta an sake mata wurin zuwa. Wannan iya juyawa a tsakiyar hanya da na yaba a baya, a nan ita ce illar: lambar da ke allo kullum tana bin gaskiya a baya, ba ta taɓa kama ta.

Abin da ido ke buƙata

Masu kare wannan ado suna da magana ɗaya da ban iya turewa. In lamba ta canza shiru ba motsi, mutum na iya kallon allo bai lura an canza ba. Haka ne. Ido motsi yake bi.

Sai dai ana iya jan hankalin ido ba tare da an taɓa adadin ba. A rubuta sabuwar lamba nan take, sannan akwatin da take ciki ya yi ɗan tsalle, ko ya haska kore ko ja ya dusashe. Tsohuwar lamba ta zame sama ta fita, sabuwar ta shigo daga ƙasa a cike. A gefe a nuna bambancin, an cire 48,000, wanda shi ne ma abin da mutum ke son ya tabbatar. Duk waɗannan ana iya yin su da sifirin, har da mai lilo in ana so, tunda wurin zaman lambar ne ke motsi, ƙimarta na nan daram.

Ga 'yan sana'a, ƙarin abu biyu. A sa harufan lamba masu faɗi ɗaya, CSS na da saitin hakan, don kada layin ya riƙa rawa hagu da dama in 1 ta koma 8. Sannan tun 2023 manyan burauzoji suka karɓi linear(), wanda ke ba da damar kwaikwayon lilon sifirin a CSS zalla. Ba ya riƙe gudu in an katse shi kamar sifirin na gaske, amma ga ɗan tsallen akwati ya wadatar, kuma ya hutar da mai waya sauke tarin JavaScript da datar da ya saya da guminsa.

"Mutanenmu ma sun cancanci abu mai kyau"

Wani abokina ya taɓa jefa min wannan, wai ina so a riƙa yi wa talaka manhaja busasshiya, masu kuɗi a Ikoyi su sha ta zamani. Na yarda da farkon maganar. Babu dalilin da zai sa shafin 'yan adashe ko na ƙungiyar dillalan shanu ya zama mummuna.

Amma ba kowa motsi ke wa daɗi ba, ko a Ikoyin. Da iOS 7 ya fito a 2013, mutane sun yi ta ƙorafin jiri da tashin zuciya saboda yawan zuƙowa da shawagin allo, har Apple ya faɗaɗa saitin rage motsi. Yau Android ma na da irinsa, burauza kuma tana iya sanar da shafi cewa mai wayar ya nemi a rage. Ƙa'idojin WCAG 2.1 na 2018, waɗanda suka shafi sauƙaƙa intanet ga masu lalura, sun yi maganar ba mutum damar kashe motsin da ba dole ba. Shafuka nawa ne a cikin namu ke sauraron wannan saitin? Ka kunna shi a wayarka ka zagaya, za ka ba kanka amsa.

Sai makaho da ke amfani da TalkBack, manhajar da ke karanta allo da murya. Ya ɗora yatsa a kan adadi yayin da yake gudu, abin da ke rubuce a lokacin za a karanta masa, kuma ba shi da hanyar ganin cewa lambar ba ta gama tafiya ba. Sai dattijo mai raunin gani da ke haɗa lamba ɗaya bayan ɗaya yana motsa leɓe. Waɗannan ma mutanenmu ne, kuma abu mai kyau a wajensu shi ne lambar da za ta tsaya a karanta ta.

Ba na faɗa da kowace lamba mai gudu. Adadin waɗanda suka so hotonka, makin wasa, ko irin lambobin talla da kamfani ke sawa a fuskar shafinsa suna hawa don burgewa, su yi ta rawarsu, babu wanda zai saki buhun albasa saboda su. Ma'aunina ɗaya ne: in wani zai iya biya, ko sakin kaya, ko shan magani, ko kiran banki da faɗa saboda abin da ya karanta, to lambar ta fita daga hannun mai ado.

Sauran maganar ta masu ba da aiki ce, domin mu masu haɗawa abin da ya burge mai biya muke ƙara yi. Ƙungiyoyin kasuwa, masu shagunan sari, makarantun Islamiyya da ke karɓar kuɗi ta shafi, duk suna ba samari aikin haɗa musu manhaja yanzu, kuma ranar miƙa aiki a kwamfutar mai haɗawa ake nuna musu, inda komai ke tafiya sumul. Kada ku karɓa a nan. Ku ce a buɗe a wayar yaron shago, a tsakiyar kasuwa, da sabis ɗin da ake samu a wajen. Ku sa a ɗauki bidiyon allon yayin da kuɗi ke shiga da fita, sannan a riƙa tsayar da bidiyon ana dubawa. Duk inda aka tsaya aka ga adadin da ba ya cikin littafinku, ku ce a gyara kafin ku biya cikon kuɗin aiki. Gyaran ba ya cin wuni guda.